Wace waya zan sa a gaban zare don kamun maski, kuma yaya zan haɗa ta da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni jihar Wiskonsin ta Amurka, abokan aiki kuma sun saba mini da fita kamun kifin nan mai haƙora da ake kira maski. Makon jiya wani ƙato ya cafke ƙotona, muka ɗan ja, sai kawai na ji zare ya saki. Da na naɗo sai na tarar maɓallin da ke bakin wayar ya buɗe, kifi ya tafi da ƙoton. Wayar irin mai arahar nan ce da ake sayarwa da yawa a leda ɗaya, an rubuta laba 30 a jikinta, wato nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta tsinke. Wace iri ya kamata in saya, tsawonta nawa, kuma zan iya haɗa tawa? Wasu sun ce in bar waya in koma fulorokabon.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Wayar da ka saya an yi ta ne don ƙananan kifin faik, ɗan'uwan maski, kuma ko a wurinsu ma maɓallinta ne ke fara ba da kai. Ka cire ragowar daga akwatinka tun yau, domin muddin suna ciki wata rana za ka sake ɗaura ɗaya cikin gaggawa.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne kifin. Ƙoton maski yana ɗauke da ƙugiya mai baki uku, sau da yawa biyu ko uku a jere. In kifi ya tafi da shi, wata ƙugiyar ta kama leɓen sama wata ta kama na ƙasa, bakinsa ya rufu ke nan, ba ci, numfashi ma da ƙyar. Wasu sukan yi sa'a su girgiza ƙoton ya faɗi, wasu kuma su mutu a hankali a ƙarƙashin ruwa. Macen maski kan yi shekara goma sha wani abu kafin ta kai inci 50, shi ya sa masuntan yankin suke sakin kusan duk wanda suka kama. Ƙungiyar Muskies Inc., wadda Gil Hamm ya kafa a Minesota a 1966, ta daɗe tana wa'azin haka, kuma a yawancin ruwan Minesota doka ba ta yarda ka tafi gida da maski ba sai ya kai inci 54. To guntun wayar nan da ke tsakanin zarenka da ƙoto, wadda suke kira lida, ita ce ke ba ka damar kawo kifi cikin koma, ka cire masa ƙugiya, ka mayar da shi lafiya. Wanda ya taɓa fatsar tsage a kogin Kwara ko Binuwai ya san yadda haƙori ke yanke zare kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Haƙoran maski haka suke, kuma zaren saƙar nan mai laba 80 da ake naɗawa a injin fatsa, duk ƙarfinsa wajen ja, yana taɓa haƙori a miƙe ya tsinke.

Mutane da yawa suna zaɓen lida ne da nauyin kifi a ransu, su ce kifin da wuya ya wuce kilo 20, to me za a yi da waya mai ɗaukar kilo 79, wato laba 174? Lissafin ba ta nan yake ba. Kaurin waya yana yi maka aiki uku: yana hana haƙori yanka ta, yana sa ta tsaya a miƙe, yana kuma jure duka. Wasu ƙotunan roba da ake jefawa da kaka nauyinsu ya kai laba guda. Ka ɗaga wannan da sanda mai ƙafa 9 ka wurga da ƙarfi, sai zare ya harɗe a cikin inji ya tsaya cak, duk nauyin nan a kan lida da maɓallinta yake sauka. Ana yin irin wannan jifa ɗaruruwa a wuni. Don haka ka zaɓi lida bisa irin ƙoton da za ka jefa da yadda yake tafiya a ruwa.

Ni dai in mutum zai fara, waya tilo ta ƙarfe marar tsatsa nake nuna masa, wadda sili ɗaya ce ba murɗaɗɗiya ba. Ana sayar da ita a naɗe da lamba. Lamba 12 kaurinta inci 0.029, wato kusan kashi uku cikin huɗu na milimita, tana ɗaukar laba 174, kuma ita ce abin da masu kamun maski da yawa ke sawa. Lamba 10 mai laba 124 ta dace da ƙananan ƙotuna na farkon kakar kamu da waɗanda ke tafiya a saman ruwa, inda nauyin lida kan dulmiyar da hancin ƙoto. Lamba 15 mai laba 240 ta manyan ƙotuna ce. Da tsohuwar zuma ake magani: wannan waya ba haƙorin da ke yanka ta, ba ta buƙatar bututun matsi (ɗan bututun ƙarfe da ake matsewa don rufe bakin lida), kuɗinta kaɗan ne, kuma in ta lalace tana nuna maka da idonka. Aibinta guda ne, takan yi gwiwa. Kifi ya yi birgima a cikin koma, ko ƙoto ya maƙale a dutse ka fizge, sai ka ga ta lanƙwashe a wuri ɗaya. In lanƙwasar mai faɗi ce kamar baka, za ka iya miƙar da ita da yatsu. In kuwa ta karye kwana mai kaifi, ƙarfen wurin ya riga ya gaji, miƙar da ita ma ƙara masa gajiya ne. Yanke ta ka cire majuyi (ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa) da zobe, ka haɗa sabuwa.

Inda wannan waya ba ta da na biyu shi ne ƙoton da ake fizga. Ka ɗauki irin su Suick, ƙoton katakon da aka daɗe ana ƙerawa a garin Antigo na jiharku, wanda ke nutsewa in ka ja ya taso in ka saki, ko ƙotunan da ke zamewa hagu da dama in ka buga sanda ƙasa. Duk lokacin da ka saki zare, ƙoton yana ci gaba da tafiya da kansa, yakan ma wuce lidar. In lidar mai laushi ce sai ta lanƙwaso baya ta sarƙe a ƙugiyar gaba, ƙoto ya dawo maka a karkace yana jan ruwa, jifan ya tafi a banza. Waya mai tauri tana tsayawa a gaban ƙoto ta ture kanta daga ƙugiyoyi. Saboda haka ne wasu ke yin lidar irin waɗannan ƙotuna da waya mai kaurin inci 0.051, wadda da ƙyar take tanƙwaruwa da hannu. A kan irin wannan ƙoto ka rage tarkace: majuyi ba dole ba ne tunda ƙoton ba ya juyawa, ƙaramin zobe rufaffe ya isa a ɗaura zare.

Sai murɗaɗɗiyar waya, mai sili 7 ko mai sili 49. Tana da laushi, tana barin ƙoto mai leɓe ya yi rawarsa yadda ya kamata, kuma ita ake haɗa tarkon da ake sa wa kifi mai rai a matsayin ƙoto da ita, galibi mai laba 60 zuwa 90. Ba ta yin gwiwa da sauri, amma takan nannaɗe ta yi kamar jelar alade bayan kifi ɗaya ko biyu, kuma silinta kan tsinke ɗaya bayan ɗaya a bakin bututun matsi. Ka riƙa shafa ta da yatsa a hankali. In ka ji wani sili ya soke ka, ta gama aiki. Mai rigar roba ta fi daɗin riƙewa, sai dai rigar tana ɓoye lalacewar da ke ciki.

Ta titaniyom tana da masoya, domin ka lanƙwasa ta ta koma miƙe, kuma guda ɗaya kan daɗe ana kamu da ita. Ni ba na ba sabon shiga shawarar ta. Ba ta nuna gajiya. Jiya lafiya lau, yau ta ɓalle a bakin matsi ba tare da wata alama ba, kuma ba ta karɓar murɗi irin na ƙarfe, galibi sai matsi, matsin kuma yana da wuyar daidaitawa saboda santsinta. Wanda ya nace a kanta ya sa wa kansa ƙa'idar sauya ta a kan lokaci ko da bai ga komai ba.

Batun fulorokabon kuwa, waɗanda suka ba ka shawarar ba su yi ƙarya ba, amma akwai sharaɗi. Zare ne mai kauri mai tauri wanda ba ya fitowa sosai a ruwa, ba ya yin gwiwa, kuma in kifi ya nannaɗe kansa a ciki ba ya yanka masa fata yadda siririyar waya ke yi. Sharaɗin shi ne kauri. Ƙasa da laba 100 kada ka kusance shi. Laba 130 shi ne gama-gari, manyan ƙotunan roba kuma 150 ko fiye. Duk da haka roba ce, haƙori na iya cin ta, musamman a kan ƙoto mai laushi da kifi ke haɗiyewa tun daga kai har lidar ta shiga bakinsa. Bayan kowane kifi, kai ko faik ne ƙarami, ka bi ta da farce daga sama har ƙasa. Ƙaramin gurzuwa ba komai, amma in farcenka ya tsaya a wani tsagi, sauya ta. Game da cewa kifi ba ya ganinta, ra'ayina shi ne an cika zuzuta abin. Kifin da ya biyo ƙoto mai faifan ƙarfe biyu manya suna kaɗa ruwa, da ƙugiyoyi suna reto, ba siririyar waya ce za ta kore shi ba. A tafki mai ruwa garau da rana tsaka zan iya sa fulorokabon don kwanciyar hankali, amma dalilina na gaske na son sa shi ne rashin gwiwa da tausaya wa jikin kifi.

Tsawo kuma, in jifa kake yi, inci 9 zuwa 12 na waya ya wadatar, fulorokabon kuma inci 12 zuwa 18. Kada ka wuce haka, ga dalili. Maski ya shahara da bin ƙoto har gindin jirgi ba tare da ya kama ba, shi ya sa a ƙarshen kowane jifa ake tsoma bakin sanda a ruwa ana zana lamba 8 da ƙoton, kuma kifi da yawa a nan suke kamawa. Wannan zane ba ya yiwuwa sai ƙoto yana kusa da bakin sanda. Doguwar lida tana nisanta shi, ya riƙa yanke kwana ya mutu a juyi, kifi ya juya ya tafi. Kana ƙoƙarin rage nisan kuma sai majuyi ya riƙa dukan zoben bakin sanda har ya fasa shi, fasasshen zobe kuwa shi ke gurje zare. In jan ƙoto kake yi a bayan jirgi, kamar yadda ake yi a tafkin Sent Kilar da ke tsakanin Mishigan da Ontariyo, lidar ta kai ƙafa 3 ko fiye, saboda kifin da ya kama a guje yakan yi birgima ya naɗe zare a jikinsa, marfin gefen kansa kuma yana da kaifi.

Yanzu ga inda taka ta ɓalle. A sanina lida ba ta cika tsinkewa a tsakiya ba. Bakinta biyu ne ke cin amana, wato maɓalli, majuyi, da wurin haɗi. Maɓallin da ke kan lida mai araha irin na fil ɗin riga ne, ɗan lanƙwasa kaɗan ke riƙe shi, kifi ya datse shi da muƙamuƙi ko ya murɗa sai ya buɗe. Ka nemi wanda bakinsa ke zagayawa ya kulle a jikinsa, irin su Stay-Lok, mai girman da ya dace da ƙoton. Shi ma ba na har abada ba ne: buɗewa da rufewa kullum na gajiyar da ƙarfen, ranar da ka ji ya buɗe maka da sauƙi fiye da da, jefar da shi. Abin da ya fi kowane maɓalli aminci shi ne zobe mai ninki irin na makulli, mai kauri, a maƙala shi a rufaffen zobe ko a madaukin wayar. Sauya ƙoto zai ɗauke ka ɗan lokaci kuma sai da filayar buɗe zobe, amma kifi ba ya iya buɗe shi. A kan manyan ƙotunan roba da duk wani ƙoto mai tsada, zobe nake sawa. Majuyi kuwa ka sayi mai ƙwallayen ƙarfe a ciki, wanda zobbansa a like suke da walda, ƙarfinsa ya kai na wayar ko ya fi. Ƙoto mai faifai da jelar gashi, irin su Mepps, yana murɗa zare in majuyin bai juyawa a ƙarƙashin nauyi.

Haɗa lidar waya tilo ba wuya, kayan aikinka filaya mai zagayayyen baki, abin yanka waya, da tabarau don kare ido, domin guntun waya kan yi tsalle. Yanko waya da ta fi tsawon da kake so da kamar inci 8, saboda kowane baki zai ci inci 4. Ka kama ta da filaya inci 4 daga ƙarshe, ka zagaya ta a jikin bakin filayar ta yi madauki zagayayye wanda majuyi zai yi wasa a ciki. Zura majuyin tun yanzu, kafin ka rufe. Sai ka gicciya guntun bakin a kan uwar wayar su buɗe kamar almakashi, ka riƙe madaukin da filaya, babban yatsa da manuni kuma su riƙe wayoyin biyu a daidai mahaɗarsu. Murɗa su tare, kowacce tana zagaya 'yar'uwarta daidai wa daida, sau huɗu ko biyar. Nan ne aikin yake. In uwar wayar ta tsaya a miƙe guntun ne kaɗai ke zagaya ta, ba ka yi murɗi ba, naɗi ka yi, kuma zai iya zamewa ya shaƙe madaukin in an ja da ƙarfi. Ka duba da kyau: murɗi na gari za ka ga wayoyin biyu duk sun karkace, ba wadda ta fi wata.

Bayan murɗin, tanƙwara guntun ya tsaya a gicciye sosai da uwar wayar, ka naɗa shi a jikinta zagaye huɗu ko biyar, kowane zagaye manne da na bayansa ba rata. Saura cire abin da ya rage, kuma kada ka yanke shi da abin yanka, domin zai bar ɗan tsini mai kaifin reza da zai tsaga maka yatsa ranar da ka kama lida da kifi a jiki, ya kuma riƙa tsince ciyawa. Lanƙwasa ƙarshen guntun ya zama kamar mariƙin da za ka juya, ka riƙa kai shi gaba da baya a daidai gindin naɗin. Bayan 'yan juyi zai ɓalle da kansa a shafe, ka shafa da yatsa ba ka jin komai. Haka za ka yi wa ɗaya bakin da maɓalli ko zobe. In yatsunka sun gaza a kan lamba 12, kamfanin Du-Bro na yin ɗan ƙarfen murɗi da ke sauƙaƙa aikin. Waya mai kaurin 0.051 ba ta murɗuwa haka, madauki da naɗi uku masu kyau sun riƙe ta saboda taurinta.

Murɗaɗɗiyar waya da fulorokabon da bututun matsi ake rufe su, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Bututun ya dace da kaurin abin da za ka zura, ya shiga da ɗan matsi ba yana kwaɗo-kwaɗo ba. Mai rami biyu ya fi, domin yana hana silin biyu hawa kan juna a ciki. Na alminiyom na fulorokabon ne, na tagulla na wayar ƙarfe. Ka sayi filayar matsi ta ainihi mai ramuka zagayayyu a baki, wadda ke rungumar bututun ta ko'ina. Filayar gida baje shi take yi ta ƙwanƙwatse abin da ke ciki. Kada matsin ya kai ƙarshen bututun, bar ɗan baki a kowane gefe ya buɗe, in ba haka ba gefen ƙarfen zai zama wuƙa a kan lidar. Ga fulorokabon, kafin ka matse, ka fito da bakin da nisa ka kusanta shi da wutar laita har ya narke ya yi ɗan kai, ka bari ya huce, sannan ka ja shi ya zauna a bakin bututun. Ko matsin ya so zamewa, wannan kan zai tare. Ka kare uwar zaren daga wutar da yatsanka.

Kowace lida ka gama, gwada ta kafin ta ga ruwa. Rataya bakin ɗaya a ƙusa mai ƙarfi, zura sukudireba a ɗayan, ka ja da nauyin jikinka. Wadda za ta zame gara ta zame a gareji. Zaren saƙa kuma ka ɗaura shi a majuyi da ƙullin faloma, wanda ake ninka zare biyu a zura, ka jiƙa shi kafin ka ja, ka riƙa yanke ƙafa biyu ko uku na bakin zaren kana sake ƙulli in ka ga ya fara gashi.

In kaka ta yi, wajen Oktoba da Nuwamba, za ka ga abokanka suna rataya kifi mai rai a gefen jirgi. A Wiskonsin in kifin ƙoton ya kai inci 8, doka ta ce sai da tarkon da ake bugawa nan take ko ƙugiya mai zagaye, don kada maski ya haɗiye ƙugiya har ciki. Wannan tarko da waya mai sili 7 ake yin sa, kuma ƙa'idar matsin da na faɗa ita ce dai. Ka duba littafin dokokin kamun kifi na shekarar, domin wasu tafkunan suna da nasu ƙa'idojin na daban.

Don farawa, ka sayi naɗi ɗaya na waya lamba 12, majuyai masu ƙwallaye, maɓallai masu kullewa, da zobba masu kauri, ka zauna da yamma ɗaya ka haɗa guda goma masu inci 12. Biyun farko za su fito a karkace, yanke su ka sake. Ka ajiye su a miƙe cikin guntun bututun roba don kada su tanƙware a akwati. Fulorokabon mai laba 130 ka sayi haɗaɗɗu daga shagon da ya ƙware a kayan maski tukuna, har sai ka mallaki filayar matsi ta kirki. Ka kuma sa ƙaramin abin datse ƙarfe, irin na Knipex, da doguwar filaya a inda hannunka zai kai a jirgi, domin ranar da lidarka ta riƙe ka kawo kifin cikin koma, ƙugiyar da ta shige wuri mai wuya datse ta ake yi a ciro guntayen, kifin yana cikin ruwa. Allah ya ba da sa'a.